Amsoshin Tambayoyinku: Zaɓen Fidda Gwani a Amurka

Malama Hadiza daga Maraɗi ta aiko tana tambaya: yaya ake zaɓen fidda gwani a Amurka, kuma me ya sa duniya ke zuba masa ido?

Madalla da wannan tambaya, Malama Hadiza. Zaɓen fidda gwani shi ne inda jam'iyyun Democrat da Republican ke tsayar da ɗan takarar shugaban ƙasa. Ba rana ɗaya ake yinsa ba. Jiha-jiha ake bi, daga farkon shekara har zuwa watan Yuni. Kowace jiha tana da wakilai, wato daliget, kuma ƙuri'un jama'a ne ke raba su. Wanda ya samu rinjayen daliget, shi jam'iyya ke tsayarwa a babban taronta.

Jihohin farko na da nauyi sosai. Misali, nasarar Barack Obama a Iowa, ɗaya daga cikin waɗannan jihohi, a 2008 ce ta share masa hanyar doke Hillary Clinton.

Duniya kuwa tana saurare ne saboda wanda ya ci, in ya zama shugaban ƙasa, zai taɓa batun biza, tallafi da tsaro. Misali, a 2020, gwamnatin Shugaba Trump ta taƙaita wa 'yan Najeriya bizar zama.