Jiran Haihuwa: Addu'a da Neman Magani

Karatu: Farawa 25:20-26

Ishaku da Rifkatu sun shekara 20 da aure kafin su sami haihuwa. Ishaku bai zargi matarsa ba, addu'a ya yi dominta.

Ƙaunatattu, idan mace ta wuce shekara 35, ɗaukar ciki yakan ƙara wuya. Shi ya sa likitoci ke cewa in an yi wata 6 shiru, a nemi gwaji. A Bauchi akwai likitocin mata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Miji da mata su tafi tare, gama wani lokaci matsalar daga mijin take. Ganin likita ba rashin bangaskiya ba ne. Dangi kuma su bar gori.

Tambaya: Ta yaya ikilisiyarmu za ta ƙarfafa masu jira?