Aikin Masu Kai Agaji A Ƙasar Birnin Gwari: Darasi Domin Hakimai Da Malamansu

An shirya wannan 'yar takarda ne domin hakimai da malamansu, su karanta, sa'an nan su bayyana wa dagatai da masu unguwanni abin da ke ciki. Masu kai agaji su ne waɗanda ke fara isa wurin da masifa ta auku: 'yan sintiri, da ma'aikatan gandun daji, da malaman asibiti, da 'yan sanda, da direbobi, da ko wane talaka da ya ji kuwwa ya fito. Jigon darasin ɗaya ne: jaruntaka kaɗai ba ta ceton rai, sai an gama ta da tsari. Tsarin nan kuwa a hannun hakimi da malaminsa yake.

1. Yadda ƙasar take

A shekarar 1936 aka keɓe dajin Kamuku ya zama gandun daji na En'e. A 1999 Gwamnatin Tarayya ta ɗaukaka shi ya shiga cikin manyan gandayen ƙasa. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,120, kogin Mariga ne ya raba shi da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. Daga Birnin Gwari zuwa Kaduna kuwa tafiyar kimanin kilomita 120 ce.

Ma'anar waɗannan lissafai ita ce, idan abu ya faru a wani ƙauye na bakin dawa, motar asibiti ko ta kashe gobara ba za ta iso da wuri ba, balle da damina sa'ad da rafuka suka kawo. Wanda jini ke kwarara daga babbar jijiyarsa kuwa yana iya cikawa cikin 'yan mintoci. Saboda haka ran majinyaci, bayan ikon Allah, yana hannun mutanen da ke kusa da shi. In an hore su tun da wuri, sun yi amfani. In ba a hore su ba, sai gawa ɗaya ta zama uku.

2. Abin da shekarun baya suka koya mana

Ran 14 ga Oktoba 1912 ba mu da labari, amma ran 14 ga Oktoba 2012 ba mai manta ta a Dogon Dawa, gama da asubar ranar 'yan bindiga suka kashe mutum kimanin 20, hukuma ta ce ramuwa ce a kan 'yan sintirin garin. Ran 20 ga Maris 2018 aka kashe soja 11 a Kampanin Doka. Ran 5 ga Mayu na wannan shekara aka faɗa wa Gwaska, aka tsinci gawa 45 warwatse cikin daji. A ƙarshen Satumba 2021 Gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka yanke layukan waya a sassan da rikici ya yi tsanani, har kusan wata biyu. A watan Nuwamba 2024 aka yi sulhu, Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari ya buɗe kasuwar shanu wadda ta yi shekaru a rufe.

Ba don tada miki aka kawo waɗannan ba, sai don darussa uku. Na fari, in masu ɗamara da horo suna iya faɗawa tarko, to, saurayin da ya ji kuwwa ya hau babur shi kaɗai ya fi su kusa da halaka. Na biyu, abin da ɗan sintiri ya aikata yau, gari duka ke biyan bashinsa gobe. Na uku, tsarin da ya dogara ga waya kaɗai yana iya rushewa dare ɗaya. A lura kuma, sulhu ba ya kashe gobara, ba ya hana maciji sara, kuma in hanya ta buɗe motoci suka yawaita, haɗari ma yakan yawaita.

3. Mai ceto ya fara da kansa

Doka ta farko ita ce, kada mai kai agaji ya zama wanda za a kai wa agaji. Kafin ya kusanci wurin, lalle ya tsaya ya duba: me ya jawo abin? Har yanzu yana nan? In ta ɓaci, ta ina za a fita? Sauri ya haifi nawa.

Kada mutum ya fita shi kaɗai. Ko wane ayari ya zama da shugaba ɗaya wanda ake jin maganarsa, a ƙidaya mutane wajen fita, a kuma ƙidaya su wajen komowa. In labarin hari ne, a fara sanar da jami'an tsaro, kada a bi sawu cikin daji da dare, gama sau da yawa mahara kan yi kwanto su jira masu kawo gudummawa.

Jinin wani yana iya ɗauke da cutar hanta, ko ƙanjamau, ko zazzaɓin Lassa. Sai a sa safar hannu ta roba. In babu, a zura hannu cikin leda mai tsabta, bayan an gama a wanke da sabulu.

4. Masifu biyar da abin da za a yi

Haɗarin mota. A fara tsai da mutum biyu nesa, gaba da baya, a zuba ganye a hanya domin motar da ke tafe ta rage gudu. A kashe injin, a hana shan taba. Wanda ke zub da jini, a danne raunin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙe. In ya jiƙe a ɗora wani a kai. Wanda ya suma amma yana numfashi, a kwantar da shi a gefensa domin kada amai ya shaƙe shi. Wanda ake zaton ya karye a wuya ko gadon baya, kada a fizgo shi a naɗe cikin mota. A ɗora shi bisa ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum ɗaya na riƙe da kansa. Kada a ɗura wa mai mugun rauni ruwa ko fura, ko da ya roƙa. In tankar mai ce ta faɗi, aikin agaji shi ne korar jama'a nesa. A Majiya ta Jihar Jigawa, cikin Oktoba 2024, fiye da mutum 150 suka ƙone wajen ɗibar fetur. A mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, cikin Janairu 2025, fiye da 80.

Gobarar daji. Da hunturu, ciyawa ta bushe, iska na kaɗawa, wuta takan fi mutum gudu, ta kuma fi sauri in tana hawan tudu. Kada a tare ta gaba da gaba. A bi ta gefenta da ɗanyen ganye, a bar baya wajen da ya riga ya ƙone. Abin da ya fi duka shi ne a share iyaka kewaye da rumbuna da gidaje tun da kaka. Wanda ya ƙone, a zuba wa wurin ruwa mai sanyi har minti 20. Kada a shafa manja, ko ƙwai, ko toka.

Saran maciji. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, har mutum ya yi ta zub da jini ta dasashi bayan ana zaton ya warke. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya. A cire zobe da munduwa, a hana shi tafiya da ƙafa, a ɗaura wa gaɓar sanda kamar mai karaya, a kai shi asibitin da ke da allurar dafi. Wajibi ne malamin hakimi ya bincika tun kafin damina ko wane asibiti ke da ita.

Ramin zinariya da rijiya. A ƙasa mai haƙar zinariya irin tamu rami kan rufta, iskar ƙasan rami kuma takan ɓaci ba tare da wani wari ba. In mutum ya faɗi sumamme a ƙasa ba a ga abin da ya buge shi ba, to, iskar ce, wanda ya bi shi ma haka zai faɗi. Kada kowa ya sauka sai da igiya a ƙugu da ƙarfafan mutane riƙe da ita. In rami ya rufta, a janye taro daga bakinsa, gama nauyinsu na ƙara rufta shi.

Raunin harsashi. A danne jini kamar yadda aka faɗa, kada a tona neman harsashi. Dokar ƙasa ta 2017 ta wajabta wa ko wane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi mai raunin bindiga nan take, ba sai da takardar 'yan sanda ko kuɗin kafin alƙalami ba. Asibitin ne zai sanar da 'yan sanda. Dokar ta kuma hana a wulakanta wanda ya kawo shi. Hakimai su bayyana wannan a ranakun kasuwa, domin tsoron tuhuma ya sa an ɓoye majinyata a gida har sun mutu.

5. Ladabin aiki

Wanda ke kwance cikin jini ba shi da ikon tsare aljihunsa ko mutuncinsa, duka amana ce a wuyan wanda ya iso. Kuɗi, da waya, da kayan da aka tsinta, a ƙidaya su gaban shaidu biyu, a rubuta, a danƙa wa dagaci. Kada a ɗauki hoton gawa ko majinyaci a watsa a Facebook ko WhatsApp; bai kamata uwa ta fara ganin mutuwar ɗanta a wayar maƙwabta ba. A rufe tsiraicin wanda ya faɗi. A kuma hori mata, musamman ungozomai, domin sau da yawa mace kan ɓoye rauninta ga namiji.

Mai agaji ba ya tambayar asali. Bahaushe, da Bafillace, da Bagwari, da Bakamuke, Musulmi ko Kirista, wanda ya fi jin jiki shi ake fara dubawa, ko da ɗan sarki na gefe da ƙwarzane. A kan wannan ƙa'ida aka kafa ƙungiyar Red Cross a Janeba a 1863, bayan Henri Dunant ya ga yadda aka bar raunanan yaƙin Solferino na 1859 yashe a fili.

Ɗan sintiri ba alƙali ba ne. Wanda aka kama bisa zargi, a miƙa shi ga 'yan sanda da ransa da lafiyarsa. Ran da masu tsaron gari suka fara yanke hukunci da kansu, ko suka mai da wata kabila abokiyar gaba, ran nan suka buɗe ƙofar ramuwa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda aka samu yana shan ƙwaya ko yana karɓar na goro a shinge, a sallame shi, kome jaruntakarsa.

6. Hakkinsu a kanmu

Ba daidai ba ne a nemi ladabi ga mutum, a manta da cikinsa. Galibin mutanen nan manoma ne da suka bar gonakinsu. Kukansu na yau da kullum sananne ne: man babur, da batirin tocila, da takalmin ruwa, da alawus da kan makara. Hakimi ya zauna da su ko da sau ɗaya a wata ya ji, abin da ya fi ƙarfinsa ya rubuta wa Majalisar Sarki da ƙaramar hukuma. A raba kwana, kada wanda ya kwana tsaye ya wuni a kan babur, gama gajiya ita ce uwar kuskure. A yi gayya a nome gonar wanda ya ji rauni, a kuma riƙe marayun wanda ya rasu.

Akwai kuma raunin da ido ba ya gani. Wanda ya kwashi gawawwakin maƙwabtansa yakan kasa barci, ko ya riƙa firgita, ko ya zama mai saurin fushi a gida. Wannan ba ragwantaka ba ce. A hutar da shi, dattawa da liman su ja shi a jiki, in abin ya daɗe a kai shi ga likita.

7. Aikin malamin hakimi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ko wane malami ya ajiye littattafai uku. Na ɗaya, na sunayen masu agaji na ko wane ƙauye, da wanda ya tsaya musu, da horon da suka samu. Na biyu, na kayan aiki: wa ke da mota, wa ke da kwalekwale, ina igiya da akwatin magani suke. Na uku, na abin da ya auku, rana da rana.

Rahoton gaggawa ya ƙunshi abu shida: abin da ya faru, da wurin da wata alama sananniya, da lokaci, da yawan waɗanda abin ya shafa, da ko haɗarin na nan har yanzu, da hanyar da ta fi kyau a biyo. A rubuta abin da aka gani dabam, abin da aka ji dabam. In malami ya rubuta mutum 50 alhali 5 ne, ran da 50 ɗin suka tabbata ba mai gaskata shi.

Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ta Hukumar Kiyaye Haɗurra kuwa, wadda aka kafa a 1988, ita ce 122. Labarin ambaliya, da gobara, da masu gudun hijira, a bi da shi ta ƙaramar hukuma zuwa hukumar agajin gaggawa ta jiha, ita kuma ta haɗa da ta ƙasa, watau NEMA, wadda aka kafa a 1999. Amma saboda abin da aka gani a 2021, ko wane ƙauye ya naɗa manzo da mataimakinsa, waɗanda za su kai takarda in waya ta mutu.

Tambayoyi domin zaman majalisa

1. Ƙauye nawa ne a gundumarka mota ba ta isa da damina, wa kuma aka hora a cikinsu?
2. In an sari mutum yau da dare, wane asibiti za a nufa, a kan abin hawan wa?
3. Wa ke ƙidaya 'yan sintiri in sun fita da in sun komo?
4. In waya ta mutu, ta hannun wa labari zai iso gare ka?

Hakimin da ya amsa waɗannan a rubuce, ya ajiye amsar inda wakilinsa zai same ta ko ba ya gari, ya sauke babban rabo na nauyin da Sarki ya ɗora masa. Allah ya kiyashe mu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.