Tsohuwar Mota Mai Ɗaki a Birtaniya: Gyaran da Za Ka Iya da Hannunka

Duk wanda ya ɗan zauna a Birtaniya zai lura da wasu fararen motoci masu ɗaki a baya, a ƙofar gidaje ko a kan hanyar bakin teku, da gado da murhu da tankin ruwa da bayi duk a ciki. Su ake kira motahom. Sabuwa ta fi ƙarfin aljihun yawancinmu, amma wadda ta shekara 15 ko 20 tana shiga hannu, kuma mai iyali ya san amfaninta: ya kwashi yara lokacin hutun makaranta zuwa Wales ko tsaunukan Scotland ba kuɗin otal, a dafa abincin gida, a yi salla a natse. Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗin gyara. A nan da awa bakanike yake caji, kuma ba ciniki. Wanda ya sayi tsohuwa bai shirya riƙe sifana da kansa ba, zai kashe mata fiye da kuɗin da ya saye ta.

Tun kafin ka biya, duba lasinka. Lasin Najeriya ko Nijar ko Gana wata 12 kawai yake yi maka aiki daga ranar da ka zama mazauni, kuma ba a musanya shi da na nan, sai ka yi jarrabawa. Lasin ƙaramar mota, rukunin B, ya tsaya a kilo 3,500. Abin da ya wuce haka sai da rukunin C1. Sa lambar motar a shafin gwamnati na intanet, za ka ga tarihin gwajinta na shekara-shekara, wato MOT, kyauta, har da abin da aka yi ta gargaɗi a kai. Idan a Landan kake, ka sani tun Agustan 2023 dokar hayaƙi ta ULEZ ta game dukan unguwanninta, kuma tsohuwar mota mai dizal da ba ta kai matakin Euro 6 ba fam 12.50 take biya duk ranar da ta motsa.

Yawancin waɗannan motoci an ɗora ɗakinsu ne a kan Fiat Ducato ko 'yan'uwanta Peugeot Boxer da Citroën Relay, don haka kayan injin ba su da wuyar samu. Mu kuwa injin muka saba saurara idan za mu sayi mota. A nan ba injin ke kashe ta ba, ruwa ne. MOT yana duba birki da fitilu da tsatsa da hayaƙi, ba ruwansa da ɗakin. Bangon ɗakin tsofaffin nan siririn alminiyam ne daga waje, siririn katako daga ciki, da ƙashin katako a tsakani. Duk inda aka huda shi, bakin taga, tagar rufi, mahaɗar rufi da bango, inda aka ɗaure rumfa, gam ne ya tare ruwa. Gam yana bushewa ya tsage, ruwan saman ƙasar nan kuma ba shi da damina da rani, duk shekara yake. Sai ya riƙa tsiyaya cikin bango shekara da shekaru, waje fes, ciki ya zama dusa.

Saboda haka kayan aikinka na farko hanci ne da yatsa. Buɗe ƙofa ka shaƙa. Idan ka ji warin tsohon ɗakin da aka daɗe da rufewa, ka yi hattara, haka ma idan ka tarar an fesa turare da yawa. Buɗe kowace durowa ta sama ka danna kusurwoyinta, ka ɗaga katifa, ka taka ƙasan ɗakin ka ji ko yana lotsawa. Sannan ka sayi na'urar auna danshi, ba ta da tsada. Ƙasa da kashi 15 cikin 100 lafiya lau. Ya haura 20, ruwa na shiga daga wani wuri. Bangon da ya riga ya ruɓe tun daga rufi har ƙasa ba aikin sabon hannu ba ne, kuma shawarata ka bar wannan motar ko da an karyar maka da farashi.

Toshe yoyo kuwa aikinka ne, haƙuri kawai yake so. Ka zaɓi ranar da gari ya bushe. Kada ka shafa sabon gam a kan tsoho, ruwa zai bi ta ƙarƙashi. Kwance sukurorin tagar, ka ɗago ta a hankali, ka kankare tsohon gam da abin kankara na roba don kada ka ƙarje alminiyam, ka goge wurin tas, ka bar shi ya bushe. A ƙarƙashin abin da wata rana za a sake cirewa, kamar taga, ana sa gam marar daskarewa mai zuwa kamar tef. Inda ake son riƙo na dindindin, ana sa irin su Sikaflex. Silikon na bayin gida kada ya kusanci motar: yana saki daga jikin alminiyam, kuma inda ya taɓa, wani gam ba ya kamawa. Idan za ka hau rufi, shimfiɗa faffaɗan katako tukuna, ba kowane rufi ke ɗaukar nauyin mutum ba.

Akwai kuma danshin da mu muke kawowa. Girkinmu na dogon tafasa ne. Tukunyar tuwo da ta miya a ɗan ɗaki irin wannan suna cika shi da tururi, ga alwala sau biyar. Buɗe tagar rufi duk lokacin girki, ka goge gilasai da safe. Tankin bayin ma ƙarami ne, kuma mai tsarki da buta zai cika shi da wuri fiye da yadda masu ƙera shi suka lissafa. Ana zubar da shi ne a wurin da aka keɓe a sansanin kwana, ba a magudanar titi ba.

Motar da ke yawan zama, shekaru ke cinye ta, ba tafiya ba. Taya na iya zama da zanenta cif amma gefenta ya tsattsage. A jikinta akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin rubutun da ya fara da DOT: 2317 na nufin mako na 23 na 2017. Ta wuce shekara 6 ko 7, canza ta, kuma ka nemi mai alamar CP, wadda aka yi don nauyin irin wannan mota. Idan injin mai bel ne, ba mai sarƙa ba, kuma babu rasit na canjinsa cikin shekara 5, kai ta gareji. In ya tsinke, injin ya tafi. Canjin baƙin mai da filta za ka iya, amma tsohon man sai wurin karɓar shara na ƙaramar hukuma.

Maganar gas ita ce wadda nake so ka riƙe da kyau. Abin da ke hannunka kaɗan ne: canza tukunya, duba kwanan watan da ke jikin mesa, shafa ruwan sabulu a mahaɗa ka ga ko zai yi kumfa. Tukunyar gas ta kamfanin Calor shuɗiya butane ce, tana daina ba da gas idan sanyi ya kusa sifiri. Ja propane ce, ita ke aiki da hunturu. Bututu da hita da firji mai gas, ka bar wa ƙwararre mai rajistar Gas Safe. Ramukan iska da ke ƙasan ɗakin, kada ka toshe su don sanyi. Gas ya fi iska nauyi, ta nan yake fita idan ya zuba. Kada a kunna murhu don ɗumama ɗaki, kada a shigo da kaskon gawayi, ko na turaren wuta ne. Iskar kabon monoksayid ba ta da wari, tana kashe mutane cikin barci. Ka sa na'urar gargaɗinta da ta hayaƙi kafin iyalinka su kwana a ciki ko da dare ɗaya.

Sai bayan duk wannan ake maganar ƙari. Wutar motar iri biyu ce: volt 230 da ake jonawa a sansani, wadda aikin ƙwararre ce, da volt 12 ta batirin ɗaki, wadda za ka iya taɓawa idan ka cire kan batir tukuna. Mafi arha kuma mafi amfani shi ne cire tsofaffin ƙwayayen halojin masu wat 10 ka sa LED masu wat 1 ko 2. Farantin sola mai wat 100 da na'urar daidaita caji yana riƙe batir da bazara, amma da hunturu ranar nan ba ta da ƙarfi. Duk wayar da ta fito daga batir, sa mata fis kusa da shi. Batirin gubar gargajiya kada a sha shi ƙasa da rabi. Na litiyam ya fi sauƙin nauyi, amma ba a caja shi cikin sanyin da ya kai sifiri, kuma tsohuwar caja ba lalle ta dace da shi ba. Kowane ƙari nauyi ne, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka ka loda motar kamar za ka yi tafiya ka hau sikelin auna motoci. Ka kuma sanar da kamfanin inshora duk abin da ka canza.

Kafin sanyin Nuwamba, zubar da ruwan tankuna da na tukunyar ɗumama ruwa, ka bar kowane famfo a buɗe, domin ruwa yana kumbura idan ya daskare, ya fasa bututu. Jingine katifu a tsaye, buɗe durowoyi iska ta zaga. Idan motar za ta yi hunturu a filin gidanka ko wurin ajiya, ba a kan titi ba, sanar da hukumar DVLA ta hanyar SORN, harajin hanya zai tsaya har ranar da za ka sake fito da ita.