Kada Rana Ta Faɗi Da Haƙƙin Wani A Aljihunka

Karatu: Maimaitawar Shari'a 24:14-15, Littafin Firistoci 19:13, Yakubu 5:4

Ka taɓa lura da fuskar ɗan ƙwadago da la'asar sakaliya? Ya wuni yana huɗar gero a wata gona a Kurfi, ko yana tsinkar tumatir a fadamun dam ɗin Zobe, ko yana ɗaukar bulo a gine-ginen da suka yawaita a Dutsin-Ma tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a 2011. Ya ajiye kayan aiki, ya wanke hannu, yanzu idonsa yana kan mutum ɗaya, wato wanda ya ɗauke shi aikin. Idan kai ne wannan mutumin, darasin yau naka ne. Za mu duba kalmomi huɗu na Ibrananci, harshen da aka rubuta mafi yawan Tsohon Alkawari da shi, mu ga yadda Allah yake kallon gumin ma'aikaci.

Sakir: ɗan ƙwadago

Kalma ta farko ita ce sakir, mutumin da aka ɗauka aiki don a biya shi. Ya bambanta da ebed, wato bawa. Bawa ɗan cikin gida ne, yana ci daga tukunyar maigidansa ko an yi aiki ko ba a yi ba. Sakir kuwa yana da 'yancin kansa, amma ba shi da rumbu. Fitowa 12:45 ma ba ta lissafa shi cikin masu cin Jibin Ƙetarewa na gidan ba. Abin da ya samu yau, shi iyalinsa za su ci yau. Shi ya sa Ayuba 7:1-2 ya kwatanta wahalar ɗan adam da ta bawa mai marmarin inuwa da ta ɗan ƙwadago mai ɗokin a biya shi.

Sakar: lada

Daga tushe ɗaya aka sami sakar, abin da ake biyan ma'aikaci. Maimaitawar Shari'a 24:15 ta umarta a ba shi a ranar da ya yi aikin, kafin faɗuwar rana. Dalilin da aka bayar yana da nauyi. A Ibrananci an ce matalaucin yana ɗaga nefesh ɗinsa zuwa ga kuɗin, wato ransa ne ya rataya a kansu. A wurinka canji ne da za ka iya bayarwa jibi. A wurinsa tuwon dare ne da maganin zazzaɓin yaro. Aya ta 14 kuma ta haɗa ɗan'uwa da baƙo. Ko ɗan ikilisiyarku ne, ko maƙwabcinka Musulmi, ko ɗan ci-rani da ya zo daga Maraɗi, dokar ɗaya ce.

Fe'ulla: aikin da ladansa

Kalma ta uku, fe'ulla, tana nufin aikin kansa, tana kuma nufin ladan aikin. Ita aka yi amfani da ita a Littafin Firistoci 19:13, inda aka hana ladan ɗan ƙwadago ya kwana a wurinka har safe. A cikin ayar nan guda aka hana zalunci da ƙwace. Ka gane? Tun da ka karɓi aikin, kuɗin sun tashi daga naka. Riƙe su riƙe gumin mutum ne. Irmiya 22:13 ya yi wa Sarki Yehoyakim kaito domin ya gina benayensa da ƙarfin mutanen da bai biya ba. Malakai 3:5 ya jera mai danne ladan ma'aikaci tare da masu sihiri da mazinata. Da yawa cikinmu muna azumi don mu karya ikon maita, alhali birkilan da ya yi mana katanga yana ta sintiri ƙofar gidanmu wata uku.

Maskoret: jingar da aka yi

Kalma ta huɗu, maskoret, ta fito sau 4 kawai a Tsohon Alkawari. Uku suna cikin labarin Laban da Yakubu: Farawa 29:15, 31:7 da 31:41. Laban ne ya fara cewa bai kamata ɗan'uwansa ya yi masa aiki a banza ba, shi ne kuma ya sauya jingar har sau 10 cikin shekara 20. Mun san irin wannan. An yi jinga da safe, da yamma sai mai gona ya ce noman bai yi kyau ba, ya rage. Ko a ɗauko yarinya daga ƙauye tana aikin gida, a ce ai 'yar gida ce, ba a maganar kuɗi.

Wuri na huɗu shi ne Rut 2:12. A nan Bo'aza ya roƙa wa baƙuwa mai kala a gonarsa cikakken lada daga Ubangiji. Bai tsaya ga addu'a ba, ya umarci masu girbinsa su riƙa zare mata zangarniya su bari. Kalma ɗaya, mutum biyu. Kai Laban ne ko Bo'aza?

Allah ma mai biya ne

Hausa ta taimake mu a nan, domin da "lada" muke kiran abin da ake ba ɗan dako, da ita kuma muke kiran sakamakon Allah. Haka sakar take. Ita ce kalmar da Allah ya yi wa Abram alkawari da ita a Farawa 15:1. Daga gare ta Lai'atu ta raɗa wa ɗanta suna Issaka (Farawa 30:18). Ishaya 40:10 ya nuna Ubangiji yana zuwa da sakar da fe'ulla duka biyu. Ceto dai kyauta ne, ba a ƙwadagonsa (Romawa 6:23). Amma wanda ya cece ka ba ya cin gumin kowa, ba ya kuma yarda 'ya'yansa su ci.

In kai ne aka danne wa haƙƙi, kada ka rama da ha'inci a wurin aiki. Ka nemi naka a fili, ka sa dattawa su shiga maganar. Yakubu 5:4 ya tabbatar maka kukan masu girbi ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna.

Abin yi yau

Ka zauna ka rubuta sunan duk wanda ya yi maka aiki ba ka gama biyansa ba: tela, ɗan garuwa, ɗan acaɓa, mai wanki, 'yan noma. Ka biya kafin magariba. In ba ka da su duka, ka je da ƙafarka, ka ba da abin da ke hannu, ka sa ranar cikawa, ka kuma cika. Daga yau kada ka kira ma'aikaci sai kuɗinsa suna ajiye.

Addu'a

Ya Uba, ka gafarta mini inda na sa wani ya kwana da yunwa saboda sakacina. Ruhu Mai Tsarki, ka tuna mini da kowane bashin gumi da ke kaina, ka ba ni ƙarfin hali in biya. Ka tsarkake aljihuna, ka albarkaci aikin hannuna. Cikin sunan Yesu. Amin.