FILIN NOMA: IN BOL ƊIN SALANSA YA KARYE

Jama'a manoma, makon nan ba zancen taki ko iri za mu yi ba. Zancen wani ɗan ƙarfe ne wanda bai kai tsawon yatsa ba, amma yana iya tsai da mota, ya sa amfanin da mutum ya yi wata 3 yana ban ruwa ya ruɓe a kwando.

Ran nan na fita rangadi wajen Dogarawa, kan hanyar Kano, sai na tarad da wani mai noman rani ya yi tagumi a gindin motarsa, a-kori-kura Peugeot 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna. Ga kwandunan tumatir an tsinko daga fadamar Galma, suna jiran a kai kasuwa. Na ce, "Malam, lafiya?" Ya ce ya sayo sabuwar salansa ne zai sake tsohuwar, har da gaskit ɗin da ke tsakanin inji da bututun hayaƙi. Noti ɗaya ya ƙi kwantuwa, yaronsa ya zura bututu a sufana ya taka da ƙafa. Sai ji suka yi ƙas! Rabi a hannu, rabi a cikin inji.

Da can, manomin da ya zo gonar gwaji ta Samaru, wadda aka kafa a 1922, ta kuma koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, babban ƙarfensa garmar shanu ce. Yau kuwa ga injin ban ruwa, wanda shirin Fadama ya yaɗa tun shekarun 1990, ga injin niƙa, ga tarakta, ga mota. Kowannensu yana da salansa, saboda haka wannan darasi na kowa ne.

ME KE KARYA SHI?

Abin da mukan ce wa noti a dunƙule, abu biyu ne. Akwai namijin, watau ɗan sandan ƙarfe mai zare, shi ne bol. Akwai macen da ake murɗawa a kansa, ita ce noti ta ainihi. Zaren nan shi makanikai ke kira tiredi.

Ba bol ɗin da ya kai na salansa shan wuya. Duk sa'ad da aka ta da inji sai ya yi zafi ya miƙe, in an kashe ya huce ya tsuke, kullum haka shekara da shekaru. Ga ruwan damina da laka suna ba shi tsatsa, tana cin jikinsa, tana kuma manne shi da raminsa. In kan injin na alminiyon ne, kamar na 504 da na ƙananan injunan ban ruwa irin Honda GX160, abin ya fi tsanani, gama alminiyon yana buɗewa da zafi wajen ninki 2 na baƙin ƙarfe, kuma su biyun in sun daɗe tare da danshi sai su kama juna. To, bol mai kaurin milimita 8 da ya sha wannan wahala, ina zai iya da ƙafar saurayi a kan bututu?

KAFIN KA ƊAUKI SUFANA

1. Kada ka fara wannan aiki ranar da kake bukatar motar. Zaɓi ranar da ba tsinka, ba kasuwa.
2. Kankare tsatsar da ke kan zare da burushin waya. Zuba man nan na gwangwani mai sassauta tsatsa, in babu, kananzir ko man gas. Yi haka tun da yamma, ka sake da safe.
3. Nemi sufana mai zobe wadda ta kama notin cif. Bol mai milimita 8, notinsa yakan ci sufana lamba 12 ko 13. Wadda ta yi sako-sako cinye kusurwoyin noti take yi.
4. Ɗan ƙwanƙwasa notin da ƙaramar guduma don tsatsa ta tsage.
5. Ɗan matsa shi gaba kaɗan tukuna, sa'an nan ka dawo baya. Gaba, baya, kana ƙara mai. In ka ji ya yi taushi a hannu kamar yana juyawa alhali notin bai motsa ba, tsaya. Bol ɗin ne ke murɗewa, saura ƙiris ya tsinke.
6. In ya ƙi, a gasa notin da wutar walda har ya yi ja, ko a tsaga shi a yar. Asarar noti ba a bakin komai take ba.

IN YA RIGA YA KARYE

Abu na fari, aje guduma, ka sha ruwa. Sa'an nan ka duba inda ya karye, gama magani ya danganta da wannan. Ƙa'idar ita ce a fara da hanya mai sauƙi, kada a tsallaka zuwa mai wuya sai ta fari ta ƙi.

In guntun ya leƙo waje da sauran zare, murɗa noti 2 a kansa, ka matse su da juna, sa'an nan ka juya na ciki da sufana. In zaren bai isa ba, goge gefe 2 da zarto su yi faɗi, ka kama da filaya mai kulle, kana jijjigawa gaba da baya.

In ya karye daidai da bakin rami, ko ya ɗan nutse kaɗan, hanyar da ta fi ita ce ta mai walda. Zai aza washa a kan guntun ya like, ya aza noti a kan washar ya cika cikinsa da walda. Zafin nan shi kansa magani ne, don yana fasa tsatsar da ke ƙasa. A bari ya huce, sa'an nan a juya a hankali. In notin ya ɓalle, a sake wani. Sau da yawa sai a na 2 ko na 3 yake fitowa. Waldar baƙin ƙarfe ba ta kama alminiyon, amma a lura da zafi, gama alminiyon yana narkewa a digiri 660, kuma ba ya yin ja ya gargaɗe ka. Kafin a kunna walda a cire wayar batir, a kare bututun fetur. In injin ban ruwa ne, a cire tankin ɗungum a kai nesa.

In ya karye can ciki, sai huda. A buga alama da ƙarfe mai tsini a tsakiyar guntun sosai, a fara da siririn baki na milimita 3, a tsai da injin huda sak, ana ɗiga mai. Akwai bakin huda mai juyawa hagu; in an same shi ya fi, don yakan kamo guntun ya kwance shi yana cikin huda. In bai fito ba a riƙa ƙara girman baki, amma ga bol mai milimita 8 kada a wuce 6.8, shi ne iyakar da ba ta taɓa zaren ramin. A ɓanɓare sauran da tsinke, a bi ramin da abin yanka zare, watau taf. A auna zurfin ramin da na ɗan'uwansa a sa alama a bakin hudar, domin a motoci da tarakta akwai hanyar ruwan sanyaya inji a bayan bangon nan. Wanda ya huda ta, garin neman gira ya rasa ido.

Akwai wani ƙarfe mai zaren hagu da ake sayarwa don ciro guntu. Yana aiki ga bol ɗin da bai yi tsatsa ba. Amma ƙarfe ne mai tauri ƙwarai, ba ya lanƙwasa sai karyewa, in kuwa ya karye a ciki bakin huda ba ya cinsa. Kada ka sa masa ƙarfi.

In zaren ramin ya lalace, ba a yar da kan inji. Ana faɗaɗa ramin kaɗan a sa wani zare na waya mai kama da sifirin, wanda aka sani da Helicoil, bol ya koma girmansa na da. Wannan aikin masu injin gyaran ƙarfe ne, akwai su a Sabon Gari.

KADA A CE A BAR SHI HAKA

Waɗansu sukan ɗaure sauran su ci gaba da tafiya, ko su naɗe da waya. Kuskure ne. Hayaƙin da ke tsiyaya yana da guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, in ta shiga gidan direba tana sa ciwon kai da gyangyaɗi, har kisa tana yi. Tartsatsin kuwa, in ya sami busasshen kara ko harawa da rani, sai gobara. Bakin bututun kuma yakan karkace, sauran bol ɗin su bi ɗan'uwansu.

WAJEN MAYARWA

Sayi sabbin bol da noti da gaskit, kada ka mai da tsofaffin. Notin tagulla ya fi, don ba ya manne wa baƙin ƙarfe. Shafa wa zaren giris mai jure zafi, irin mai launin jan ƙarfe. Ɗaure kaɗan-kaɗan, kana farawa daga na tsakiya zuwa na gefe, da hannu ɗaya a kan gajerar sufana. Bayan inji ya yi aiki ya huce, sake dubawa.

Mutuminmu na Dogarawa fa, Allah ya taimake shi na iske su kafin su ɗauko kurfi da guduma. Aka jawo motar zuwa Sabon Gari, mai walda ya like noti, a karo na 2 guntu ya fito. Amma kafin nan rana ta yi, sai da ya karyar da tumatirinsa ga masu saye a bakin hanya. Da ya jiƙa notin nan da kananzir ya bari ya kwana, da ribarsa tana aljihunsa. Sauri ya haifi nawa.

Duk mai inji ya zaga bayansa yau ya dubi notin salansa. In ya ga tsatsa, ya ɗiga masa mai tun yanzu. Allah ya ba mu albarkar rani, amin.