Darasin Ingilishi: Yadda Ake Cewa "Wannan Ya Fi Wancan"



Da aka ce kowa ya kawo abin da zai rubuta a bana, sai na zaɓi wani kuskure da ni kaina na sha jan biro a kansa. A jarrabawar zangon farko an ce mu kwatanta garuruwa biyu da Ingilishi, na rubuta: "Garoua is more bigger that Mora." Ni a ganina na burge. Da takarda ta dawo, wuri biyu aka zagaye da ja a cikin jumla ɗaya tal, maki ya tafi. Na leƙa takardun abokaina, ashe ba ni kaɗai ba ne. Tun 1961 Kamaru take da harsunan hukuma biyu, Faransanci da Ingilishi, kuma duk wanda zai zauna BEPC a cikinmu sai ya gamu da takardar Ingilishi. Ga kuma iyakar Najeriya nan kusa. Don haka abin ya shafe mu.

Mu fara da namu. Bahaushe aikatau yake sa wa, wato "fi": Garwa ta fi Mora girma. Kalmar "girma" ba ta canzawa ko kaɗan. Faransanci ma bai wahalar da kowa ba, sai ka ajiye "plus" a gaba, "que" a baya: plus grand que, plus cher que, plus difficile que. To daga nan matsalar ta samo asali. Mun saba da "plus" mai shiga kusan ko'ina, sai muka ɗauka "more" ma haka take. Ba haka ba ne. Ingilishi hanya biyu gare shi, kuma ba a haɗa su a kan sifa ɗaya.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne darasin Sarfu. Ku tuna ismut tafdili: kabir ya koma akbar, sagir ya koma asgar, ɗawil ya koma aɗwal. Ita kanta kalmar ce ake sauya wa gini. Amma idan fi'ilin ya wuce haruffa uku, kamar ijtahada, ba ya shiga wannan awo, sai a ɗauko mataimaki a ce aktharu ijtihadan. Babi guda ne a Alfiyar Ibn Malik. To Ingilishi ma kusan haka yake yi. Gajeriyar sifa ana manna mata -er a ƙarshe, doguwa kuma ana ɗauko mata "more" a ajiye gabanta. Wanda ya ce "more bigger" kamar wanda ya ce aktharu akbar ne. Wa zai iya faɗin haka a gaban Malam?

Sifa mai gaɓa ɗaya, -er take ɗauka: tall ta koma taller, cheap ta koma cheaper, high ta koma higher. "Mount Cameroon is higher than Mora mountain." In dama da e ta ƙare, r kaɗai za ka ƙara: large, larger. In ta ƙare da wasali ɗaya da baƙi ɗaya, sai a ninka baƙin: big, bigger, thin, thinner, hot, hotter. "April is hotter than January," wannan kam ɗan Mora ba sai an rantse masa ba. Ku lura cheap ba ta ninka p, domin wasula biyu ne a gabanta. Wadda ta ƙare da baƙi da y kuwa, y ɗin ce ke komawa i: easy, easier, heavy, heavier, dry, drier.

Sifa mai gaɓa uku ko fiye, "more" ce kawai: more expensive, more difficult, more important. A kasuwar Lahadi kana iya cewa "Rice is more expensive than millet," ko ka juya ta, "Millet is cheaper than rice." Ma'ana ɗaya, gini biyu.

Masu gaɓa biyu su ne 'yan rigima. Masu ƙarewa da -ful, -ous, -ing ko -ed, "more" suke bi: more careful, more famous, more boring. Wasu kaɗan, irin su clever, simple, narrow da quiet, duk wadda ka yi daidai ne. Shawarata ita ce, in mai gaɓa biyu ce, ba ta ƙare da y ba, kuma kana shakka, sa "more". Da wuya ka faɗi.

Amma akwai wani rami da ban taɓa ganin littafin aji ya yi maganarsa ba, domin ba don mu aka rubuta littafin ba. Bakinmu ba ya son baƙaƙe su jeru babu wasali. Shi ya sa muka mai da bread burodi. To idan ɗayanmu ya zo kan strong, sai ya furta "si-ti-rong", ya ƙirga gaɓa uku, ya rubuta "more strong" da ƙarfin gwiwarsa. Ƙa'idar ya sani sarai, ƙirgan ne ya ɓace masa. Strong gaɓa ɗaya ce, stronger ake cewa. Haka straight, haka fresh, haka strict. Kada ka ƙirga haruffa, kada kuma ka ƙirga da bakin Hausa. Saurari yadda malamin Ingilishi ya furta ta, ka ji sautin wasali nawa ya fito. Wannan shi ne adadin gaɓoɓin.

Sai 'yan tawaye, waɗanda ba sa bin kowace hanya: good ta koma better, bad ta koma worse, far ta koma farther ko further, little ta koma less, much da many suka koma more. Waɗannan haddacewa ake yi. Abin ban sha'awa, a daidai wurin nan ne sauran harsunan ma suka karkace. Larabci ya ce khair da sharr ba tare da hamzar farko ba, Faransanci ya ce meilleur, ba ya yarda da "plus bon". Wanda ba zai taɓa rubuta "plus meilleur" ba, me zai kai shi ga "more better"?

Kuskurena na biyu shi ne "that". Na gano inda ta fito: a Faransanci "que" ɗaya ce ke aikin biyu, ni kuma na fassara ta kai tsaye. A kwatanci "than" ake sawa, ita ce "min" ta Larabci. Kada kuma a rikita ta da "then", wadda ke nufin "sannan". Harafi ɗaya ne tsakaninsu, amma mai duba takarda ba ya yafewa.

In abubuwan biyu daidai suke, wato inda muke cewa "ya kai", sai a sa "as" gaba da baya, a bar sifar yadda take: "as tall as". In "bai kai ba" ne: "Mora is not as big as Maroua." Ba a sa -er a tsakiyarsu.

Wani yayana mai zuwa fatauci ta wajen Banki ya ce da ni shi duk wannan wahala ce, "dis one big pass dat one" ta ishe shi ciniki. Gaskiyarsa, kuma "pass" ɗin nan ita ce "fi" tamu sak. A kasuwa tana aiki. A takardar jarrabawa ko wasiƙar neman aiki kuwa, ba ta da wurin zama.

Ga jumloli huɗu ku mayar da su Ingilishi, ku kai wa malamin Ingilishi ya duba:

Marwa ta fi Garwa kusa da Mora.
Buhun albasa ya fi jakata nauyi.
Raƙumi ya fi jaki ƙarfi.
Hanyar nan ta fi waccan lalacewa.

A ta ƙarshen, da "bad" za ku fara tunani.