Ƙwayar Cutar da Ke Shiga Tumbin Yara

Malam mai karatu, in ka ji an ce wane yana fama da gyambon ciki, abin nan da mutanen yanzu ke kira olsa, me ka kan ce ya jawo masa? Na san abin da za ka ce. Za ka ce yunwa ce, ko yawan cin barkono, ko kuwa tunani ya yi masa yawa. Ni ma haka na ɗauka da daɗewa. Ba mu kaɗai ba kuwa, har manyan likitocin Turai haka suka yi ta zato shekara da shekaru. To, ashe yawancin gyambon ciki wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, kuma galibi ba da girma a ke ɗaukarta ba. Tun mutum yana yaro, kafin ya kai shekara 10, ta ke shiga tumbinsa ta zauna. Watau dai a cikin gidanka a ke samunta, a lokacin da 'ya'yanka ke hannunka.

Likitoci suna kiranta Helicobacter pylori. Ido ba ya ganinta sai da madubin likita, gama ko an jera guda 300 kai da kai ba za su kai tsawon ƙwayar gero ɗaya ba. Siffarta a murɗe ta ke kamar igiya, tana da waɗansu 'yan gasusuwa a gefe guda waɗanda ta ke iyo da su. Ka sani a cikin tumbin mutum akwai wani ruwa mai tsami ƙwarai wanda ke narkar da abinci, ya kuma kashe yawancin ƙwayoyin cutar da mu ke haɗiya. Saboda haka da an ɗauka ba abin da zai iya rayuwa a can. Amma ita wannan tana da dabara. Ta kan kutsa cikin yauƙin da ya lulluɓe bangon tumbi, sa'an nan ta fid da wani abu mai kashe kaifin tsamin a kewayenta, kamar yadda uwargida ta kan jefa kanwa ta kashe tsamin miyar yakuwa. In ba a kore ta da magani ba, a nan za ta zauna muddin ran mutum.

Waɗansu likitoci biyu na garin Perth a ƙasar Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, su suka tono asirinta cikin 1982. Da suka faɗa, 'yan'uwansu likitoci ba su yarda ba. Sai cikin 1984 Marshall ya dama ƙwayoyin a ruwa ya shanye da kansa. Kwana kaɗan ya fara amai, aka duba tumbinsa aka tarar ya kumbura. Cikin 2005 aka ba su biyun kyautar Nobel, wadda babu kamarta a wurin masana.

Kada ka firgita. Wajen mutum huɗu ko biyar cikin kowane goma na duniya suna ɗauke da ita, a Afirka ma sun fi haka, kuma yawancinsu har su tsufa ba su san tana nan ba. Sai kamar ɗaya cikin goma ta kan yi wa gyambo. Waɗansu 'yan kaɗan kuma, ɗaya ko biyu cikin ɗari, ta kan jawo musu ciwon daji na tumbi bayan sun manyanta, shi ya sa cikin 1994 masu binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya suka sa ta cikin abubuwan da ke kawo shi. Ga yaro kuwa, wani lokaci ta kan hana jikinsa samun abin da ke gina jini, ka ga yaro ya ɗashe, ba kuzari, malam yana ta faɗa ya cika barci a aji.

To, ta ina ta ke shiga? Ta baki. Daga ina ta ke fitowa? Daga jikin wani mutum, ta cikin yawunsa, ko amansa, ko bayan gidansa. In ka riƙe wannan, sauran duk za ka iya gano shi da kanka.

Mu fara da uwa, gama ita ta fi kusa da yaro. Ka sha ganin mace ta tauna nama ko gyaɗa ta sa wa ɗanta a baki, ko ta lashi cokali ta ji zafin kunu kana ta ba shi. Ƙauna ce ta sa ta, ba wanda zai ce ba haka ba. Amma in tana da ƙwayar, ta miƙa masa ke nan. Gwamma a daka abin a turmi mai tsabta, ko a murƙushe shi da cokali, in kuwa za a ji zafin kunu a ɗiga shi a bayan hannu. Nono dai ba ruwansa da wannan magana, a ci gaba da ba shi.

Bayan uwa sai yayye. Masu bincike a ƙasashe dabam dabam sun ga abu guda: gidan da yara suka yi yawa a ɗaki ɗaya, suna kwana tabarma ɗaya, can ƙwayar ta fi yaɗuwa, kuma ƙarami ya kan ɗauka daga wansa. Haka kuma inda aka tara yara da yawa suna kwana tare, ko makarantar kwana ce ko zauren almajirai. Na san ba kowa ke da halin gina ɗaki ba, ba kuwa zan ce maka ka raba 'ya'yanka da juna ba. Amma ga abin da ba ya cin ko kwabo. Ran da yaro ya kwana yana amai ko zawo, a ware masa shimfiɗarsa da moɗarsa, a kwashe aman nan da nan, a wanke wurin, wanda ya kwashe kuma ya wanke hannu da sabulu. Aman mai ƙwayar nan cike ya ke da ita. Kada a sa yarinya 'yar shekara bakwai aikin nan don ita ce mai reno.

Sai maganar ruwa, a nan kuwa zan daɗe, don aikinka ne kai namiji, ba na matan gida ba. Cikin 1991 aka buga labarin wani bincike da aka yi a Lima, babban birnin ƙasar Peru. Aka tarar yaran gidajen da ke ɗebo ruwa daga waje sun fi yaran gidajen da ke da ruwa a ciki kamuwa, wajen ninki uku. Yanzu tashi ka zaga gidanka. Taku nawa ne daga shadda zuwa rijiya? In sun yi kusa, ƙazanta ta kan bi ta ƙarƙashin ƙasa ta shiga ruwa, balle da damina. Abin da a ke so shi ne mita 30, wajen taku arba'in ke nan na babban mutum, shadda kuma ta kasance ta gangare, rijiya ta tudu. A ɗaga bakin rijiya, a yi mata murfi, guga kuma a rataye shi, kada a yar a ƙasa inda kaji da awaki ke bi. In ruwan tafki ko na kududdufi ku ke sha, ko kuwa ba ka san inda ɗan garuwa ya ɗebo nasa ba, a tafasa na shan yara har ya yi minti guda yana ɓararraka. Haskensa kada ya ruɗe ka, ruwa ya kan yi garau alhali ƙazanta na ciki.

Ko ruwan ya zo da kyau, a randa a kan ɓata shi. Yaro ya dawo daga makaranta da ƙishi, ya tsoma moɗa har da hannunsa, ya sha, ya mai da ita ciki, ƙanensa ya zo ya yi haka. Ka sayi moɗa mai dogon mariƙi ta ɗiba kaɗai, a riƙa zubawa a wata a sha. In yaro zai tafi makaranta a cika masa gorarsa.

Cin abinci a akushi ɗaya al'adarmu ce mai kyau, ban ce a bari ba. Wankin hannun ne abin gyara. Mu kan kawo ƙwarya guda kowa ya tsoma, na ƙarshe da dauɗar na farko ya ke wankewa. A riƙa zuba wa kowa daga buta, da sabulu, in babu sabulu toka ta fi babu. Haka kuma bayan an fito daga bayan gida, da bayan an yi wa jariri tsarki. Yaro ba ya koyon wannan da faɗa, sai in ya ga ubansa yana yi.

Ba kowane ciwon ciki na yaro ne aikin ƙwayar nan ba. Tsutsar ciki da taurin bayan gida sun fi yawa, saboda haka kada ka yanke hukunci da kanka. Amma in yaro ya yi aman jini, ko bayan gidansa ya fito baƙi ƙirin kamar kwalta, ko ciwo a ƙahon zuci yana ta da shi da dare, ko yana ramewa, cikin idonsa da tafin hannunsa sun yi fari, kai shi asibiti ba da jinkiri ba. Likita zai iya gano ta a bayan gida, ko a numfashi, ko ya zura wata 'yar igiya mai fitila ya leƙa tumbin. Kafin ka kai shi, kada ka ba shi asfirin ko irin magungunan ciwon jiki da a ke talla a faranti, gama su kansu suna cin bangon tumbi. Kanwa kuma ta kan kwantar da zafin na ɗan lokaci, amma ba ta taɓa ƙwayar.

Har yanzu ba a sami allurar rigakafinta ba, amma akwai magani. Likita ya kan haɗa iri uku ko huɗu, waɗansu na kashe ƙwayar, ɗaya na rage tsamin tumbi, a sha kwana 10 zuwa 14. Yawancin mutane a nan su ke kuskure. Kwana huɗu yaro ya ji sauƙi, sai a ɓoye sauran don wata rana. Ƙwayoyin da suka rage su ne masu taurin kai, in suka sake yawa maganin farko ba zai ci su ba, sai ka sake biyan kuɗin wani mai tsada. Kai da ka iya karatu yanzu, ka sa likita ya rubuta maka lokutan sha a takarda, ka liƙa ta a bango, kullum aka sha ka ja layi. Bayan an gama da wata guda ka koma da yaron a sake gwadawa, a tabbata ta fita.